Mai ƙaramin jari ya yi fim ɗin ban tsoro, ya bar na almara? Muhawarar masu sana'ar fim a Tahoua

Mai montaji:
Assalamu alaikum. Ga magana, kuma ina kanta har sai an kawo hujjar da ta fi tawa: duk wanda zai shirya fim a nan Tahoua da irin jarin da muka san ana samu, ya yi na ban tsoro, ya bar na almara. Na ban tsoro da abin da ya ɓoye yake aiki, na almara kuwa dole ya buɗe ya nuna. In ka ce wa mai kallo akwai abu a bayan ƙyaure, ƙyauren kake bukata da ɗan wasan da ya iya tsayawa gabansa jiki na rawa. In ka ce masa akwai birnin aljannu a ƙarƙashin tafki, to ka ɗauko wa kanka ginin birni, da tufafin mutanensa, da hasken da zai sa a yarda cewa cikin ruwa ake.

Ku duba lissafi. Hoto 25 muke ɗauka a kowane sakan. Mutum ya tashi sama na sakan 10, hoto 250 ke nan. In koren ƙyallen da ke bayansa bai samu haske daidai ba, kwamfuta ba za ta cire shi da kanta ba, sai mai montaji, wato mai yanka da haɗa hotunan fim, ya bi gefen jikin mutumin da hannu, hoto bayan hoto, har da bakin riga mai kaɗawa. Sakan 10 ke nan fa, cikin fim na minti 90. The Blair Witch Project na 1999 an ɗauke shi da kimanin dalar Amurka dubu 60, ya tara kusan miliyan 250, kuma ko sau ɗaya ba a nuna mayyar ba. Finafinai uku na The Lord of the Rings kuwa sun ci kusan miliyan 280. A kan wannan tazarar nake magana.

Mai sauti:
Wa alaikumus salam. Yaya, ina tare da kai har rabin hanya. Inda muka rabu shi ne inda ka bar mutane su ɗauka na ban tsoro arha ne. Abin da bai kashe a hoto ba, a sauti yake biyansa, kuma sauti ne aka fi wulaƙantawa a wurin ɗaukar fim ɗinmu.

Shiru ba ya ba da tsoro sai in mai tsabta ne. Abu na farko da ke ɓata shi gurup ne, wato injin ba da wuta. Ana ajiye shi mita 5 daga ƴan wasa saboda wayar wuta gajera ce, sai gurnaninsa ya kwanta a ƙarƙashin kowace magana. A fili, ƙara tana raguwa da desibel 6 (ma'aunin ƙarfin sauti) duk sanda ka ninka tazara: daga mita 5 zuwa 10 ka rage 6, zuwa 20 ka rage 12, zuwa 40 ka rage 18. Saboda haka a nemi waya mai kauri ta mita 40 ko 50, a kai gurup bayan gini, bakin hayaƙinsa na kallon wancan gefe. Na biyu, a kowane ɗaki a ɗauki shirun ɗakin na minti ɗaya, kowa ya tsaya cik, kafin a kwashe kaya. Da shi ake cike tsakanin yanka da yanka. In babu shi, duk inda aka yanka sai kunne ya ji sautin ya ɗauke, mai kallo ya tuna fim yake kallo.

Na uku shi ya fi damuna. Finafinan waje da gurnani mai zurfi suke gina fargaba, irin wanda a ɗakin sinima a ƙirji ake jinsa. Lasifikar waya ba ta fitar da wannan, mutanenmu kuwa yawanci a waya suke kallo. To mu gina tamu da abin da waya ke iya furtawa: numfashi dab da makirufo, taku a kan tsakuwa, ƙarar ƙyauren kwano, gyare suna ta kuka sai su ɗauke gaba ɗaya. Karyewar ƙashi, a naɗe busasshen karan dawa cikin tsumma a karya. Duka, a bugi kankana. Duk wannan bayan ɗauka ake yinsa, a ɗaki mai labule da katifu a jingine da bango, kuma yana iya cin kwanaki fiye da ɗaukar hoton.

Baba:
Ɗana mai montaji, ka yi magana kamar a cikin kwamfuta aka haifi almara. A garin nan Moustapha Alassane ya zauna ya yi aiki shekaru da yawa, Allah ya jiƙansa, a 2015 ya rasu. Tun 1966 ya zana kwaɗi ya yi musu ƙasa da shugaba a Bon voyage Sim. A 1977 ya yi Samba le grand da ƴan tsana. A farkon shekarun 1970 shi da Anna Soehring suka yi Toula, daga labarin marubucin Nijar Boubou Hama: fari ya kama ƙasa, aka ce sai an ba mai ruwa budurwa. Almara ce tsantsa, kuma a lokacin ba wanda yake da kwamfutar da kake tsoron tsadarta.

Aikin ƴan tsana ga yadda yake. A kafa kamara a kan ƙafafunta uku, a danne su da buhun yashi. A rufe taga ruf, domin rana tafiya take, hasken ɗaki yana canzawa tsakanin hoto da hoto, sai fim ya riƙa ƙyaftawa. A kashe duk abin da kamara ke saitawa da kanta. Ƙashin ɗan tsana wayar alminiyom ce a murɗe biyu, ƙafarsa a kafe da kusa ta ƙarƙashin tebur, in ba haka ba zai riƙa zamewa ba ka sani ba sai ka zo kallo. Motsi 12 a sakan, kowane motsi a riƙe shi hoto biyu. Minti ɗaya motsi 720. Haƙuri yake ci da ciwon baya, kuɗinsa kaɗan ne.

Layar zana kuma, tun 1896 Georges Méliès yake ɓatar da mutum a gaban kamara a Faransa. Kamara a kafe, ɗan wasa ya daki ƙasa da ƙafa, kowa ya daskare, ya fice, a ci gaba, a yanke tsakanin. Abu uku ke tona asiri: inuwa ta matsa saboda an ɓata lokaci, iska ta kaɗa labule ko ganye, ko sawun fitarsa ya zauna a yashi. A yi shi cikin ƴan sakan, a kan dutse ko tabarma, a watsa ɗan dunƙulen ƙura daidai wurin yankan. Wannan kuɗi nawa ne?

Mai kamara:
Baba, Allah ya ƙara girma, kun faɗi gaskiya. Ni ɗayan ginshiƙin maganar Yaya zan taɓa, wato zaton cewa duhu kyauta ne. Duhun fim haskawa ake yi. Wanda ya kashe fitilu ya ɗaga ISO, wato ya ƙara wa kamara ƙarfin jin haske, hotonsa zai cika da tsaki-tsaki. In ya hau WhatsApp ko Facebook aka matse shi, baƙin ya fashe ya koma tubali-tubali. Mai kallo yana zaune a inuwar bedi da rana, fuskarsa kawai yake gani a gilashin waya. An yi asarar dare ke nan.

Daren da ake gani ga yadda ake haɗa shi. Fitila ɗaya mai ƙarfi a sama, daga baya da ɗan gefe, a matsayin farin wata, ta zana gefen kai da kafaɗa. Farin ƙyalle a gaba ya maido kaɗan a fuska har ƙwayar ido ta yi ƙyalli. Fitila ɗaya a cikin hoton kanta, tocila ko fitilar ƙwai, don ido ya samu inda zai sauka. A ɗauka da ɗan haske, a rage a montaji; rage haske yana yiwuwa, ƙirƙiro wanda ba a ɗauka ba ba ya yiwuwa. Kuma a nisanta fitilar. In ɗan wasa ya tashi daga mita 2 zuwa mita 4, hasken da ke kansa kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa, sai ya nutse tun bai kai ƙofa ba. Fitila mai ƙarfi daga mita 8 ta fi ƙarama daga mita 2. Wutarmu zagaye 50 take a sakan, don haka a sa kamara a hoto 25 da saurin rufewar idonta 1/50 na sakan. Waya tana zuwa a 30, shi ya sa kuke ganin ratsi-ratsi na yawo a bango. In gurup na hawa da sauka, ko wannan bai isa ba, sai fitilar batir.

Ana iya ɗaukar dare da rana: rana tana ƙasa a bayan ƴan wasa, kada sama ta shigo hoto, a rage haske mataki biyu, a ja launi zuwa shuɗi kaɗan. Amma kada a kunna tocila a ciki, za ta fito a mace.

Koren ƙyalle kuwa, Yaya yana da gaskiya cewa yana wahalarwa, sai dai yawancin wahalar a wurin ɗauka ake haifarta. A goge ƙyallen a ja shi ya miƙe, fitila biyu ta hagu da dama su haska shi shi kaɗai, ɗan wasa ya tsaya mita 2 zuwa 3 a gabansa. In ya matsa kusa, kore zai hau kuncinsa. Shadda mai ƙyalli tana kwasar koren, a guje ta. Gashi a sake da mayafi shara-shara su ne suka fi ƙin fita.

Hajiya marubuciya:
Kun cika wurin da wayoyi da fitilu, alhali inda finafinan nan biyu suka fi faɗuwa a takarda ne, tun ba a taɓa kamara ba.

Ciwon almara rashin doka. Kakanninmu sun san wannan: a tatsuniya ba a ba mutum abin mamaki sai da sharaɗi. Kada ki waiwaya, kada ka buɗe ƙwaryar sai ka ƙetare rafi, kada ka faɗa wa kowa. A fim sai ka ga jarumi da layar zana marar iyaka, ana korarsa minti 60, mai kallo yana tambayar me ya hana shi ɓacewa tun a minti na 20. Kowane ƙarfi a yi masa tambaya uku: me yake iyawa, me ba ya iyawa, me ake biya in an yi amfani da shi. A nuna dokar kafin minti na 20, a nuna wani ya karya ta ya ɗanɗana kafin tsakiyar fim, ƙarshe kuma da wannan dokar za a warware shi, ba da wata sabuwa ba. In an yi haka, almara tana da ƙarfin da na ban tsoro ba shi da shi: tana iya magana a kan sarauta, da fari, da cin amana, da kwaɗayi, ba ta kama sunan kowa ba. Aikin da Gizo yake yi mana ke nan tun kaka da kakanni.

Ciwon na ban tsoro ƙarshensa. Gani ya kori ji, kuma yana korar tsoro. A Jaws na 1975 kifin ƙarfen da suka ƙera ya riƙa lalacewa a ruwan gishiri, dole suka ɓoye shi har fim ya yi nisa, wannan ɓoyon ya ƙara wa fim ɗin ƙarfi. Amma ɓoyo bashi ne, ɗan'uwana mai montaji, kuma a minti 15 na ƙarshe ake biyansa. Namu yaya suke biya? Sai wani mutum da ba mu taɓa gani ba ya shigo, ya yi addu'a, abu ya ƙone, a rubuta ƙarshe. Ba wanda ke jayayya da addu'a a rayuwarmu. Laifin na rubutu ne: yarinyar da ta sha wuya minti 80 tana gefe tana kallo, ba ta yi komai ba. A shigo da mutumin tun farko, a sa zuwa wurinsa ya zama da tsada, misali sai an tona abin da gidan ya daɗe yana rufewa, kuma matakin ƙarshe ita za ta ɗauka.

Sannan a bambanta razana da fargaba. Razana ita ce ƙara kwatsam da fuska ta faɗo. Sakan kaɗan take yi, a ta uku mai kallo ya riga ya gano lokacinta. Fargaba ita ce mu san akwai abu a ɗakin, ita ba ta sani ba, tana ta ninke kaya. Kuma in minti 15 na farko ba su sa mun ƙaunaci mutanen gidan ba, duk abin da ya same su ba zai taɓa mu ba.

Malama ma'aikaciyar lafiya:
Ku gafarce ni, akwai wani kuɗin da ba ku lissafa ba, domin ba mai shirya fim ke biyansa ba. Ku duba yadda ake nuna wanda aljani ya shiga: ya faɗi, jiki na jijjiga, ido ya juye, kumfa a baki. Waɗannan alamomin farfaɗiya ne, ciwon ƙwaƙwalwa mai magani. Duk fim ɗin da ya nuna haka yana koya wa unguwa cewa in yaro ya faɗi a lakwal a gudu, ko a danne shi, ko a cusa masa cokali a baki. Abin da ya kamata shi ne a kawar da abin da zai ji masa rauni, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, a juya shi ta gefe, kada a sa komai a bakinsa, in ya wuce minti 5 a kai shi asibiti. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon. Fim ɗaya yana iya rushe abin da aka daɗe ana wayar da kai a kansa.

Na biyu, mayya a fim kullum tsohuwa ce matalauciya mai zaman kaɗaici. Yara su gama kallo, gobe su nuna tsohuwar da ke lungunsu da yatsa. Kun san abin da zargin maita yake yi wa gida, har aure yana hanawa.

Na uku, tele ɗaya ce a tsakar gida, babba da yaro tare suke kallo. Yaro ƙarami siffa yake tsoro, fuskar da ta lalace ko mutum yana rikiɗa, kuma faɗa masa cewa wasa ne ba ya cire masa. Wanda ya ɗan tasa, abin da zai iya faruwa da gaske ne ke hana shi barci. A rubuta gargaɗi a farko, a kuma faɗe shi da murya saboda wanda bai iya karatu ba. Masu montaji, kada walƙiya ta wuce sau uku a sakan, musamman ja. A watan Disamban 1997 wani zanen yara a talabijin ɗin Japan ya kai yara sama da 600 asibiti saboda irin wannan walƙiyar.

Mai montaji:
Malama, na karɓa, amma wannan laifin zaɓin marubuci ne, kuma almara ma tana iya yinsa. Boka da mayya suna cikinta. Tsoro ba sai da iska ba. Mota ta mutu da dare a hanyar Agadez, ruwa ya rage kaɗan, ga fitila daga nesa tana matsowa ba a san ko ta wa ce ba. Mai haƙar rijiya yana ƙasa, igiya ta daina amsawa. Baƙon da aka sauke a zaure ya san sunan kowa a gidan. Ba tsohuwa, ba kumfa a baki.

Mai kwalliya:
Yaya, tunda ka ce arha, bari in faɗi abin da jini da rauni suke ci a zafin Tahoua. Jini: sukari kofi 2, ruwa kofi 1, a dafa ya yi kaurin zuma, ya huce. A sa jar kalar abinci cokalin shayi ɗaya ko biyu, ɗigon shuɗi ɗaya, garin koko cokali ɗaya don ya kashe ƙyallin ja ya sa shi duhu. Zoɓo yana fitowa ruwan hoda a kamara kuma ya cika ruwa-ruwa, tumatirin gwangwani kuma ja mai ruwan lemo ne da gudaji. A baƙar fata jini ba ya nunawa da launi, da sheƙi yake nunawa, don haka a ƙara ɗan gilisarin, mai kamara ya ba shi haske daga gefe. Da rana ƙuda zai taru a kansa, a ajiye ruwa da tsumma kusa. Kalar tana kama farin yadi, saboda haka duk rigar da za ta sha jini a ɗinka ta uku iri ɗaya. In an kuskure ɗaukar farko ba a tsaya jiran wanki ba.

Rauni: masu koyo a intanet suna yinsa da jelatin, shi kuwa a kusan digiri 35 yake narkewa, mu a watan Afrilu da Mayu muna wuce 40. Latas, wato ruwan roba, da takarda mai laushi, shimfiɗa uku ko huɗu, kowace ta bushe kafin ta gaba, shi ya fi jurewa. Amma a gwada ɗigo a cikin damtsen ɗan wasa tun jiya, akwai waɗanda fatarsu ba ta karɓarsa. Ƙaro yana manne gashi da gemu, sai dai gumi yana narkar da shi, a ɗauki hoton kusa tun farko. Gilashin da ake sa wa a ƙwayar ido don ya yi fari, ni ban yarda da shi ba a lokacin hunturu. Ƙura ta shiga ƙarƙashinsa ta kankare ido, kuma ba a ba mutum biyu guda ɗaya.

Dodo cikakke kuwa, ko a wane irin fim yake, in kamara ta daɗe a kansa za a ga roba. Hannu, inuwa a bango, sawu, bayan kai. A nan Yaya yana da gaskiya.

Alhaji mai gidan kallo:
Ku masu yi ne, ni wurin masu kallo nake. Na ban tsoro samari ke nema, da dare, kuma sau ɗaya. In an san inda abin yake faɗowa an gama da shi. Amfaninsa guntun sakan 30 yana yawo a waya da kansa, ba ka biya kowa ba. Na almara gida duka ke zama a kansa, yara su maimaita, kuma yana yankuwa kashi-kashi. Matsalarsa abokin gasa. Yaron da ya saba da finafinan Indiya da na Sin masu fassarar Hausa ya ga wuta na fita daga hannu an yi ta da miliyoyi. In ka kawo taka, da waccan zai auna, kuma zai yi dariya. Abin da ba zai samu a can ba shi ne Dodo, da Gizo, da ɗan kokowar da ake cewa ƙasa ba ta taɓa bayansa saboda abin da ke ɗamararsa. Wanda ya shiga almara da niyyar yin wuta da walƙiya, maganar mai montaji ta hau kansa.

Baba:
Alhaji, shi ya sa nake cewa a duba maƙwabta. Souleymane Cissé na Mali ya yi Yeelen a 1987, ya samu kyautar alƙalai a bikin finafinai na Cannes a Faransa. Uba yana farautar ɗansa da wata taɓarya ta sihiri a naɗe, mutum biyu suna ɗauke da ita, tana jansu. Sihirin duka a ƙafafun mutanen nan biyu yake, yadda suke tangaɗi kamar itacen ne ke tuƙa su. Ga duwatsun Adar, ga tafkin Tabalak, ga magina irin waɗanda suka gina masallacin Yama da ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986, ga dukawa da maƙera da masu rini. Duniyar da wasu ke zanawa a kwamfuta, mu a tsaye take.

Mai montaji:
Baba, Allah ya ja kwana, ban musa dabarun ba. Amma ku lissafa abin da ke kewaye da dabarar. Zuwa Tabalak mota ce da mai da abincin mutum 30. Fadar sarki tana son dawaki, dogarai, ƴan kallo, kuma kowa da tufafin da ba na yau ba. Mutum ɗaya ya manta agogo a hannu, ko wayar wuta ta ratsa sama, an ɓata hoton. Na ban tsoro gida ɗaya ne, mutum biyar, tufafin da ke jikinsu. Kuma mai koyo yana koyon sana'ar duka a cikinsa: inda za a sa kamara, sakan nawa za a riƙe kafin a yanka, yaushe za a yi shiru. Abin da zan rage a maganata shi ne wannan: almara ta mutum biyar da abin mamaki guda ɗaya, irin taɓaryar nan, tana cikin abin da za mu iya. Almara mai birni da runduna, ina nan a kan bakana.

Hajiya marubuciya:
To ai ka dawo gida, ɗan'uwana, domin yawancin tatsuniyoyinmu haka suke: yarinya, kishiyar uwa, rijiya ko rafi, da sharaɗi guda. Ban yarda da cewa na ban tsoro ya fi sauƙin koyo ba. Almara in ta yi rauni, yara za su kalla saboda labarin. Na ban tsoro in bai tsorata ba, ba abin da ya rage a cikinsa.

Mai kamara:
A gwada. Labari ɗaya, mutumin da ake cewa yana rikiɗa kura, a yi shi sau biyu, minti 3 kowanne: ɗaya don a ji tsoro, ɗaya don a yi mamaki. Ƴan wasa ɗaya, gida ɗaya, kwana biyu kowanne, ba koren ƙyalle. A rubuta kuɗin da kowanne ya ci da awannin montaji da na sauti. A tura ta WhatsApp yadda zai matsu, a kalla a waya da rana ba tare da abin kunne ba.

Alhaji mai gidan kallo:
A ƙara da dare a tele, da mutum 20 a zaune. Tsoro a cikin taro daban yake da na mutum ɗaya, wani ya yi ihu sauran su kama, wani ya yi dariya duka su watse. Kuma kada a tambaye su wanne ya fi kyau. A tambaye su wanne za su biya su ga ci gabansa.

Malama ma'aikaciyar lafiya:
Ranar da za a nuna na ban tsoron, a sallami yara tukuna. Kuma Hajiya, mai rikiɗar ya kasance mutum mai ƙarfi da wadata a garin, kada a ɗora wa maƙeri ko baƙo ko wata ƙabila.